Karatun mastas a fannin ji da kurumta: me ake nema kafin a ɗauke ka, me za ka yi kafin ka fito

Wa alaikumus salam ƙanina. Na karanta saƙonka. Ka ce kai ɗan wani ƙauye ne ta wajen Ɓaɓura, ka gama digiri a sashen ilimin masu buƙata ta musamman a BUK da 2:2, ka yi bautar ƙasa, yanzu kana koyarwa a ƙaramar sakandaren garinku, kuma tun da sanƙarau ya tafi da jin ɗan yayarka kake son ka karanci odiyoloji, wato fannin gwajin ji da taimakon masu matsalar ji. Tambayarka ita ce me ake nema kafin a ba mutum adimishan na mastas, kuma wai gaskiya ne shekara ɗaya kawai ake yi mutum ya fara duba marasa lafiya. Allah ya ba yaron lafiya, ya sa albarka a niyyarka. Aikin nan shi nake yi, don haka zan faɗa maka yadda abin yake, har da wajen da ba zai yi maka daɗin ji ba.

Kafin ka sayi fom ko na naira ɗaya, ka tabbatar wa kanka abu guda: takardar da za a ba ka a ƙarshe tana kai ka ga lasisin taɓa mara lafiya ko ba ta kaiwa. Domin mastas iri biyu ce a wannan fannin kuma sunansu kusan ɗaya ne a jikin talla. Akwai wadda ta karatu ce da bincike, ka shiga aji, ka yi jarabawa, ka rubuta tesis a ba ka takarda. Akwai kuma wadda ake haɗa ka da asibiti, ka yi watanni kana gwada mutane a ƙarƙashin idon wanda ya ƙware yana sa maka hannu a littafi. Ta farkon tana da amfani ga mai son koyarwa ko bincike, amma kai da na ji bayaninka so kake ka zauna da uwa da ɗanta ka gaya mata ko yana ji ko ba ya ji, toh wannan sai ta biyun. A Najeriya hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rijista ita ce MRTB, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 38 ta 1988, ita ce dai take kula da masu fiziyo, wato gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, da masu gyaran magana. Duk kwas ɗin da ka gani, na gida ne ko na waje, ka rubuta musu takarda ka ambaci sunan jami'ar da sunan kwas ɗin da digirinka na farko, ka ce idan na gama wannan za ku yi min rijista? Akwai horon asibiti da za ku nema a kaina bayan nan? Ka ajiye amsar a rubuce. Kar ka dogara da an ce, ko da malamin jami'ar ne ya faɗa maka a waya.

Sannan ka sani mu ba mu ne masu tiyatar kunne ba. Wancan likita ne da ya yi MBBS ya ƙara shekaru yana ƙwarewa a kunne, hanci da maƙogwaro, shi ke ba da magani shi ke yin aiki. Mu namu shi ne auna ji, gano a ina matsalar take, a dodon kunne ne ko can ciki ko a jijiya, zaɓar na'urar ƙara ji da saita ta daidai da kunnen mutum, gwajin jarirai, gwajin masu fama da jiri da ƙugin kunne, da bibiyar wanda aka yi wa dashen na'ura a cikin kunne. Tare muke aiki da su kullum amma hanyar karatun daban. Na kawo wannan ne saboda mutanenmu na son Masar, kuma a Masar wannan fannin na likitoci ne, sai ka yi digirin likitanci tukuna, don haka can ba taka ba ce.

A gida, ƙofar da ta fi kusa da irin digirinka ita ce Jami'ar Ibadan, sashen ilimin masu buƙata ta musamman, sun daɗe suna koyar da odiyoloji da gyaran magana a matakin mastas har zuwa PhD, kuma da yawa daga cikin masu aikin nan a ƙasar nan ta can suka biyo. Abubuwan da galibin jami'o'inmu ke nema a mastas ka san su: kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci da lissafi, digiri mai alaƙa da fannin aƙalla 2:2, takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa, tiransikirif da jami'arka za ta aika kai tsaye, da mutanen da za su tsaya maka su rubuta shaida, wasu kuma su ƙara da jarabawar tantancewa. Mai HND ko wanda ya fita da daraja ta uku yawanci sai ya bi ta PGD, wato diflomar bayan digiri. Kai 2:2 ta ba ka damar nema amma ba ta ba ka tabbacin gurbi ba, in masu 2:1 sun yi yawa su za a fara ɗauka. Kuma dan Allah tiransikirif ɗin nan ka fara bin sa tun yau, shi ne yake kayar da mutane, sai ka ga an rufe karɓar takardu shi bai iso ba. A 'yan shekarun nan kuma an fara buɗe digirin farko na odiyoloji kansa a jami'o'in kiwon lafiya, kamar UNIMED da ke Ondo. Na san mutum ya ce ya koma digirin farko bayan ya gama wani abu ne mai nauyi, amma in shekarunka da aljihunka sun ba da dama ka sa shi cikin lissafi, saboda can tun daga tushe ake gina ka a asibiti.

Ghana ma nan kusa, Jami'ar Ghana tana da mastas a odiyoloji da ake yi a Korle Bu a Accra, cikin harabar babban asibitin koyarwa. Afirka ta Kudu kuwa, su Pretoria da Wits da Cape Town, a digirin farko na shekara 4 suke horar da mai aikin, mastas ɗinsu ta bincike ce ta wanda ya riga ya zama mai aikin. Indiya ma haka, sai ka yi digirin farko na ji da magana, BASLP, na shekara 4 kafin ka shiga MSc ta shekara 2, ko a babbar cibiyarsu ta Mysore ko a Manipal. Na tsaya a kan Indiya saboda ejan-ejan da ke yawo suna cewa kawo kuɗi za mu samo maka mastas a can da kowane irin digiri. Ka ce ya nuna maka kwas ɗin a jerin waɗanda hukumarsu ta RCI ta amince da su, in ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka.

Maganar shekara ɗaya da ka ji daga Ingila ta fito. Gaskiya ne jami'o'in Manchester da Southampton da UCL a Landan suna da MSc ta wata 12, kuma karatu ne mai kyau ƙwarai. Suna son 2:1, kuma sun fi son digirin kimiyya irin su fiziyoloji, fiziks, bayoloji, saikoloji ko injiniya, wani lokaci sukan duba mai 2:2 idan yana da gogewar aiki ta gaske a fannin. Jarabawar Turanci ta IELTS suna son maki daga 6.5 zuwa 7, kuma sakamakonsa shekara 2 yake yi ya mutu, kar ka rubuta da wuri. Sai dai wannan shekara ɗayar ita kaɗai ba ta mayar da kai mai duba marasa lafiya ba ko a can ɗin, sai ka ƙara da zaman asibiti, shi ya sa UCL ke da wani tsarin na shekara 2 da ya haɗa da aikin asibiti. Kuɗin makaranta na ɗan ƙasar waje ya haura fam dubu 20 a shekara, ban da haya da abinci. Ostareliya tsarinsu ya fi dacewa da mai sauya fanni, mastas ce ta shekara 2 mai aikin asibiti a ciki, a Melbourne ko Macquarie ko Queensland, suna karɓar digirori daban-daban amma gasar tana da zafi kuma tsadar ba a magana.

Amurka kuma sun ma daina mastas a matsayin hanyar shiga aikin. Tun 2012 ƙungiyarsu ta ASHA ba ta ba sabon mai nema takardar ƙwarewa sai yana da digirin dakta, wanda ake kira AuD. Shekara 4 ne a mafi yawan jami'o'i, kaɗan suna yi a 3. Abin sha'awa ba sai ka yi mastas ba, da digirin farko ake nema, kuma ba lallai a fannin ba, sai dai in babu wasu darussa a tiransikirif ɗinka, kamar anatomi da fiziyolojin ji da magana, kimiyyar sauti, yadda yaro ke koyon harshe, istatistiks, za su ce ka cike su kafin ka fara ko a shekarar farko. Mafi ƙarancin GPA galibi 3.0 ne a ma'aunin 4, amma waɗanda ake ɗauka sun fi haka nesa, kuma ba kai za ka juya makinka na ma'aunin 5 ba, wata hukuma irin WES ce ke yi. Yawancinsu ta manhajar CSDCAS ake nema, da wasiƙun shaida uku, da rubutun dalilinka, da TOEFL ko IELTS, jarabawar shiga ta GRE kuwa jami'o'i da dama sun yafe ta. Ana rufewa tsakanin Disamba da Fabrairu a fara karatu a Agusta. Shekarun farko aji ne da asibitin jami'a, akwai babbar jarabawa ta haɗa komai, akwai firojet na bincike, shekarar ƙarshe gaba ɗayanta kana wani asibiti kana aiki cikakken lokaci. Daga nan jarabawar ƙwarewa ta ƙasa da ake kira Praxis, sai lasisin jihar da za ka zauna. Ka tabbata kwas ɗin yana da amincewar CAA, hukumar da ke tantance irin waɗannan kwasa-kwasan a can. Kuma ka bambanta AuD da PhD: PhD ta bincike ce kuma ita aka fi biya wa ɗalibi, AuD ta asibiti ce kuma da wuya ka samu wanda zai ɗauke maka kuɗinta duka. A ganina, da 2:2 ta fannin ilimi da albashin malamin ƙaramar sakandare, Amurka ba nan za ka fara sa ƙarfinka ba. Ba raina ka na yi ba, kuɗin fom da WES da jarabawar Turanci kaɗai zai cinye maka abin da zai kai ka Ibadan ka zauna zango guda.

Yanzu abin da ke cikin karatun kansa, don nan ne 'yan ɓangaren ilimi ke shan mamaki. Akwai fiziks a ciki ba kaɗan ba. Sai ka fahimci desibel, ka fahimci cewa ba a ƙirga shi kamar kwanon gero, ƙarin desibel 3 kacal ninka ƙarfin sautin ne, shi ya sa ake cewa mutum zai iya zama awa 8 a ƙarar desibel 85 amma a 88 sai awa 4. Sai ka san sassan kunne da jijiyar ji har zuwa ƙwaƙwalwa, ka san magungunan da ke kashe ji irin su allurar jentamaisin da ake yi barkatai a kemis ɗin ƙauye, ka san abin da ƙyanda da hangum da sanƙarau da shawarar jarirai mai tsanani ke yi wa kunne. Ka koyi zana taswirar ji daga 250 zuwa 8000 Hz, ka koyi gwajin motsin dodon kunne, da OAE da ake yi wa jariri yana barci cikin 'yan mintoci, da ABR da ake manna wayoyi a goshi da bayan kunne a karanta amsar jijiya a kwamfuta. Shawarata tun yanzu ka nemo littafin fiziks na SS2 ka koma babin sauti da igiyoyi, ka haɗa da logaridim a lissafi, malamin kimiyyar makarantarku zai taimaka maka. Wanda ya shiga da wannan a hannu rabin wahalar zangon farko ta sauka.

Amma duk wannan ana iya haddacewa. Abin da ba ya haddatuwa shi ne dalilin da ya sa nake ta nanata zaman asibiti. A kawo maka yaro ɗan shekara 3 daga ƙauye, an taso tun asuba a motar kasuwa, yana jin yunwa yana jin tsoro, an shigar da shi ɗan ɗakin gwaji mai bango da soso an rufe ƙofa mai nauyi. Ba zai ɗaga hannu in ya ji sauti ba kamar babba. Sai ka zauna a ƙasa da shi, ka ba shi 'yan katakai da bokiti, ka riƙe hannunsa da katakon a jikin kunnensa, sauti ya zo ku jefa tare, ku maimaita har ya gane wasan, sannan ka saki hannun ka fara rage sautin. Kana kallon idonsa, don yaro mai wayo ba sautin yake bi ba, kafaɗarka yake kallo in za ka danna. Kana kallon uwar ma, don ita ba da gangan ba sai ta ɗan taɓa shi in ta ji ƙarar. Minti goma sha biyar kake da su kafin ya gaji ya fashe da kuka. Bayan nan ka juyo ka yi wa uwar bayani, wadda shekara biyu ana ce mata nauyin baki ne irin na dangin uba, ko an ce shafar aljanu ce, an sha rubutu an yi turare. Yadda za ka faɗa mata gaskiya ba ka karya mata zuciya ba kuma ba ka yi mata alƙawarin ƙarya ba, wannan sai ka tsaya a bayan wanda ya iya ka ga yadda yake yi sau da yawa. Duk kwas ɗin da bai ba ka wannan ba, komai kyan sunan jami'ar, za ka fito kana jin tsoron yaro. Don haka ka tambaye su kai tsaye: a wane asibiti ɗalibanku ke horo, wata nawa, kuna da ɗakin gwaji da na'urori masu aiki, wa ke sa hannu.

Toh me za ka yi da shekarar nan da ke gabanka? Rauninka 2:2, ƙarfinka kuma abin da yawancin masu nema ba su da shi, kana zaune a inda matsalar take. Lokacin hutu ka rubuta takarda ka nemi izinin zuwa kallon aiki a sashen kunne na babban asibiti, asibitin koyarwa na Aminu Kano (AKTH) a Kano ko asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna in kana da wajen sauka. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta rana da irin gwajin da ka gani, ba sunan mara lafiya ba, a ƙarshe a sa maka hannu da hatimi. Ka leƙa makarantar Tudun Maliki a Kano ko ta kurame da ke Haɗeja ka taimaka, ka gyara maganar hannunka. Daga nan ne za ka samu wanda zai rubuta maka wasiƙar shaida mai nauyi, wanda ya gan ka da yara, ba wani babban mutum da bai san fuskarka ba. Wasiƙar ɗan siyasa ko mai sarauta ba ta ƙara maka komai a wajen masu tantancewa, gara malamin da ya duba firojet ɗinka a BUK.

Rubutun dalili kuma kar ka kwafo na intanet, suna gane shi daga layin farko. Ka rubuta abin da ka sani. Ka san mai injin niƙa na kasuwarku da ya shekara goma a cikin ƙara, yanzu sai an ɗaga murya yake amsawa. Ka san yaran ajinku da kunnensu ke zubar da ruwa ana toshewa da auduga ko a ɗiga man ja, an sa su a bencin baya ana ce musu daƙiƙai. Ka san ko an ba mutum na'urar ƙara ji kyauta batirinta babu a garin sai an je birni, ga ƙurar hunturu ga gumin bazara suna kashe ta. Akwai ma babban giɓi na bincike: gwajin fahimtar magana da jerin kalmomin Turanci aka gina shi, tsohon da bai taɓa shiga boko ba in ya kasa maimaitawa ba ka san kunnen ne ko harshen ba, ga Hausa da karin sauti da dogon wasali da gajere. Mai jin Hausa tun daga nono wanda ya iya awon ji shi zai yi wannan aikin da kyau. Ka haɗa da alƙaluma na gaskiya: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum miliyan 430 ne ke da matsalar ji da ke buƙatar kulawa, kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kashi 93 cikin 100 ba su da ko masanin ji ɗaya ga mutum miliyan guda.

Batun kuɗi, in ka hango Ingila nan gaba, tallafin karatu na gwamnatinsu, Chevening, na neman gogewar aiki ta shekara 2 kuma koyarwarka tana shiga lissafi, amma mastas ta shekara ɗaya kawai suke biya kuma dole ka dawo gida na shekara 2 bayan ka gama. Akwai tallafin Commonwealth da ake bi ta hukumar tallafin karatu ta tarayya. Tallafin TETFund na malaman manyan makarantu ne, sai in ka samu aiki a kwaleji ko jami'a. Ka riƙa leƙa hukumar tallafin karatu ta Jigawa ma. Tsarin da ni zan ba ƙanina na ciki ɗaya shi ne ya fara da gida, ya fito da sakamako mai kyau a mastas wanda zai rufe 2:2 ɗin, ya samu rijista, ya yi aiki, sannan ya nemi waje da ƙarfinsa. Kuma kar ka ajiye aikinka, ka nemi hutun karatu ta hannun hukumar da ta ɗauke ka tun kafin adimishan ya fito, don takardun suna daɗewa a ofis.

Sai ɗan yayar taka, ba ka faɗi yaushe ya yi ciwon ba. In abin bai daɗe ba kar ku jira komai, a kai shi a gwada shi cikin makon nan in da hali, domin bayan sanƙarau can cikin kunne yakan fara zama ƙashi cikin makonni ko watanni, kuma in ya toshe dashen na'ura yana wahala sosai. In kuma an daɗe, duk da haka a kai shi, yara da yawa da ake cewa ba sa ji sam suna da sauran ji da na'ura za ta kama. Ku tafi da katin asibitin da aka kwantar da shi da sunayen alluran da aka yi masa in akwai, a bar shi ya ci abinci kafin gwajin, kuma ku ci gaba da yi masa magana fuska da fuska ana haɗawa da hannu don kar maganar da ya riga ya koya ta zube. Ka turo min shekarunsa da watan da ya kwanta, da jerin darussan da ke tiransikirif ɗinka, in duba in gaya maka waɗanda za a iya cewa ka cike.